Famfo a kashe amma allo na nuna lita 60: yadda ake ɗaura tiransmita ta 4–20 mA a kan sensar ruwa

Tambaya: Na ɗaura sensa mai farfela a bututun ruwa na inci 2, na haɗa ta da tiransmita mai waya biyu wadda ke mayar da awon sensar zuwa siginar wuta ta miliamfa 4 zuwa 20 (4–20 mA), ta tura wa PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injina. Na saita iyakarta a lita 300 a minti. Ko famfo a kashe yake allon yana nuna lita 60, in na kunna shi kuma lambar sai ta yi ta hawa da sauka. Tiransmitar ce ta lalace ko haɗina ne ba daidai ba? Wane tsari ya kamata in bi tun daga farko?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, kuma kada ka yi saurin mayar da tiransmitar. Wannan 60 ɗin da kake gani ita ta tona asirin matsalarka ta farko. Ka duba, 60 ɗaya bisa biyar ce ta 300, haka nan 4 ɗaya bisa biyar ce ta 20. Ke nan idan ruwa ya tsaya tiransmitarka tana tura 4 mA yadda aka ƙera ta ta yi, PLC ɗin ne aka bari a kan 0–20 mA, shi ya sa ya ɗauki 4 mA a matsayin kashi 20 cikin ɗari na gudun ruwa. Ka shiga saitin katin da ke karɓar siginar, ka mayar da tashar zuwa 4–20 mA. Idan PLC ɗin Siemens S7 ne, ɗanyar lambar da katin ke bayarwa yanzu za ta kasance wajen 5530, bayan gyara kuma za ta koma 0, domin a wurinsu 4 mA shi ne 0, 20 mA kuma 27648.

Ina roƙonka kada ka bi gajeriyar hanyar da mutane da yawa ke bi, wato su rubuta wa PLC ya riƙa debe 60 daga abin da ya karanta. Kuskuren ba ɗaya yake ba daga ƙasa har sama. A yadda kake yanzu, in ruwa na gudu lita 150 allo zai ce 180, in ya kai 300 kuma allo zai faɗi gaskiya. Ka debe 60, sifili ya yi kyau a ido, amma ranar da ruwa ya kai 300 za a nuna maka 240. Lissafin da ya dace shi ne a debe 4 daga miliamfan da aka auna, a raba da 16, a ninka da iyakar da ka saita.

Akwai dalili biyu da suka sa aka fara daga 4 maimakon sifili, kuma dukansu sun shafi aikinka. Tiransmita mai waya biyu ba ta da wata wutar daban, daga cikin waɗannan miliamfa ƙasa da 4 take rayuwa. Na biyu, idan waya ta tsinke ko fis ya ƙone, abin da PLC zai gani 0 mA ne, wanda lafiyayyen layi ba ya taɓa nunawa, don haka ana iya bambance ruwan da ya tsaya da wayar da ta yanke. Ƙa'idar NAMUR NE 43 ta tsara wannan: awo na gaskiya yana tsakanin 3.8 da 20.5 mA, abin da ya sauka zuwa 3.6 ko ƙasa, ko ya kai 21 zuwa sama, alamar lalacewa ce. Ka rubuta wa PLC ɗinka ƙararrawa a kan waɗannan iyakoki. Layi biyu ne kawai na rubutu a shirin PLC, amma mutane na mantawa da su har sai tanki ya yi ambaliya.

Matsalarka ta biyu, hawa da saukan nan, tana iya fitowa daga wuri uku, kuma kafin mu bi su ina so ka riƙe abu ɗaya. Tiransmita ba ta taɓa ganin ruwa ba. Tana zaune ne kamar mutum a ɗaki rufe, ana ƙwanƙwasa masa ƙofa yana ƙirgawa, an kuma gaya masa kowane ƙwanƙwasa ashirin lita ɗaya ce. In farfela ta juya saboda iska, za ta ƙirga. In wayar inji ta cusa mata bugun ƙarya, za ta ƙirga. In lambar da ka ba ta ba ta bututunka ba ce, za ta yi lissafi da ita ba musu. Saboda haka tsarin aikin shi ne bututu, sannan waya, sannan lambobi, kuma kowanne a gwada shi shi kaɗai.

Bututu shi ne inda aka fi yin ɓarna, shi ne kuma ya fi wuyar gyara daga baya. Tun ran gini tun ran zane. Farfelar da ake cusawa ta gefen bututu tana auna saurin ruwa ne a ɗan wuri guda, sai a ɗauka sauran ruwan ma yana tafiya cikin tsari. Ruwan da ya fito daga gwiwa, ko bawul, ko bakin famfo, murɗawa yake yi, yana bukatar miƙaƙƙen bututu kafin ya natsu. Abin da aka saba faɗa shi ne tsawon da ya ninka faɗin bututu sau 10 kafin sensa, sau 5 bayanta. Wannan mafi ƙaranci ne. Masu ƙera irin sensarka sukan nemi sau 20 bayan gwiwa ɗaya, sau 40 bayan gwiwa biyu da suka karkata fuska dabam-dabam, har sau 50 bayan bawul ko famfo. A bututun inci 2, sau 50 ya kai mita biyu da rabi. In ka ɗaura taka taku ɗaya daga bakin famfo, to ga rawar lambarka nan, kuma babu saitin da zai warkar da ita. Bawul ɗin da ake rage ruwa da shi a bayan sensa ake sa shi, ba kafin ruwa ya iso ta ba. Hakan na da ƙarin amfani, domin yana riƙe bututu a cike.

Cikar bututu kuwa ba abin sassauci ba ce. A bututun tsaye, ruwa ya riƙa hawa sama. Wanda ke gangarowa yakan bar gurbin iska. A bututun kwance, na fi son a karkata sensar kamar digiri 45 daga sama, saboda iska a can ƙololuwa take taruwa, yashi da laka kuma a ƙasa suke kwanciya su cinye sandar farfela. Ka duba kibiyar da ke kan hular sensar tana kallon inda ruwa ya nufa, ka tabbata ta zauna cikin mazauninta har ƙarshe, domin zurfin da farfela ta shiga yana cikin abin da aka yi lissafin lambarta da shi. Ka kuma san cewa yawancin irin waɗannan sensoshi daga wajen mita 0.3 a daƙiƙa suke fara faɗin gaskiya, zuwa wajen mita 6. A bututu mai faɗin ciki milimita 50, mita 0.3 a daƙiƙa kusan lita 35 ce a minti. Lita 300 ɗinka kuma wajen mita 2.5 ce a daƙiƙa, wanda ya yi daidai ƙwarai. Abin da ya gaza lita 35 kada ka gina wani hukunci a kansa.

Sai waya. Kashi biyu ce, kuma halinsu ya bambanta. Daga tiransmita zuwa PLC layi ne mai juriya, yana iya tafiyar ɗaruruwan mitoci ba tare da awo ya canza ba, saboda miliamfan da suka fita su ne za su isa. Daga sensa zuwa tiransmita kuwa layi ne mai rauni. Don haka tiransmita kusa da sensa ake ajiye ta, a bar doguwar tafiya ga 4–20 mA. Ka duba wace irin sensa ce a hannunka. Akwai mai naɗin waya a ciki, wadda ba ta bukatar wuta, tana haifar da ɗan siginar kanta, mai rauni sosai idan ruwa na tafiya a hankali. Akwai kuma mai ƙwayar Hall, wadda ke jin wucewar maganaɗisun da ke jikin farfela, mai waya uku: ta wuta, ta sigina da ta komawa. Ita wannan galibi abin da take yi shi ne jan wayar sigina zuwa sifili duk lokacin da reshen farfela ya wuce, don haka tana bukatar rizista, wato ɗan abin da ke taƙaita gudun wuta, da za ta riƙa mayar da bolt ɗin wayar sama, sau da yawa ta kilo-om 10. Wasu tiransmitoci na da ita a ciki, a wasu kai za ka sa. Dole ka gaya wa tiransmita wace iri ka haɗa mata, ko ta menu ko ta ƙananan makunnan da ke cikin akwatinta. In ka zaɓa mata saitin mai naɗi alhali mai Hall ce, ko akasin haka, ko dai ta ƙi ƙirga komai ko ta yi ta ƙirga hayaniya. Ka kuma duba littafinta ko tana iya ciyar da sensar daga wutar layi. Wasu ba sa iyawa sai an kawo wa sensar wuta daban.

Haɗin layin 4–20 mA zagaye ɗaya ne, kowa a jere. Daga + na wutar 24 V zuwa + na tiransmita, daga − na tiransmita zuwa + na tashar PLC, daga − na tashar PLC a koma 0 V. Abin lura a nan shi ne wane ne ke ba layin wuta. Wasu katunan PLC su da kansu suke fitar da 24 V idan aka saita su don tiransmita mai waya biyu. In naka haka yake, kai tsaye za ka haɗa wayoyin biyu da katin, ba ka ƙara wata wutar daga waje. Mai ba da wuta ɗaya tak ake so a zagaye. In babu ko ɗaya za ka ga 0 mA, in kuma biyu suka haɗu kana iya ƙona tashar. Idan tashar da ke gare ka bolt kawai take karantawa, ka gitta rizista ta om 250 mai inganci, irin ta kashi 0.1 cikin ɗari, a ƙafafunta, sai 4–20 mA ya zama 1–5 V. Ta om 500 kuma tana ba da 2–10 V.

Ga wani lissafi da nake so ka yi a takarda kafin ka rufe akwati. Kowace tiransmita na da mafi ƙarancin bolt da take bukata a ƙafafunta, an rubuta shi a littafinta. A ce naka 12 V ne. Daga 24 saura 12, su ne za a raba wa duk abin da ke kan layin. Ka raba 12 da 0.022, domin a bar wa siginar lalacewa wuri, za ka samu wajen om 545. Tashar PLC ta ci 250 misali, kebul mai kauri 0.5 mm² na tafiyar mita 200, wato mita 400 zuwa da dawowa, ya ci wajen 14, kana da sarari. Amma a ce gobe an saka allon nuni a layin, jibi an ƙara na'urar ajiye bayanai, jimilla ta kai om 750. Yanzu layin ba zai iya wuce 16 mA ba, wato lita 225. Alamar wannan ciwo ita ce awo ya yi daidai a ƙaramin gudu, amma ya maƙale a wata lamba duk yadda aka buɗe bawul. Mutane kan zargi famfo, har a kwance shi, alhali wuta ce ta gaza.

Game da hayaniyar lantarki, wadda nake zargi ƙwarai tunda ka ce sai an kunna famfo rawar ke farawa: ka yi amfani da kebul mai wayoyi murɗaɗɗu da ragar ƙarfe a lulluɓe, ka haɗa ragar da ƙasa a gefe ɗaya kawai, yawanci gefen akwatin PLC, ɗaya gefen ka yanke ka naɗe da tef kada ya taɓa komai. In ka haɗa gefe biyu, bambancin wutar ƙasa tsakanin wuraren biyu zai riƙa bi ta cikin ragar. Ga kebul ɗin sensa kuma ka bi zanen littafinta, domin a wasu sensoshin ragar ita ce wayar komawa. Kada kebul ɗin sigina ya kwana a tire ɗaya da kebul ɗin inji, musamman in ana sarrafa gudun famfon da VFD, wanda ke yanka wuta sau dubbai a daƙiƙa. In dole su haɗu, su gitta juna kamar alamar tarawa, kada su jera. Ƙofar shigar kebul ta kalli ƙasa, ka bar wa kebul ɗin ɗan lanƙwasa a ƙasa da akwatin don ruwa ya ɗiga can, ka ɗaure ta tam. Akwati mai IP65, wato wanda ƙura da feshin ruwa ba sa shigarsa, in aka bar ƙofarsa sake ya tashi daga IP65.

Yanzu lambobi. Ta farko ita ce lambar K, wato bugu nawa sensa ke yi kafin lita ɗaya ta wuce. Ba a jikin sensa kaɗai take ba, ta sensa ce haɗe da mazauninta da bututun. Inci 2 suna ne kawai: bututu mai Sch 40 (Sch lambar kaurin bangon bututu ce) faɗin cikinsa milimita 52.5 ne, mai Sch 80 kuma 49.3, kuma wannan ɗan bambanci ya haura kashi 13 cikin ɗari a yawan ruwan da ke wucewa a sauri ɗaya. Ka karanta rubutun jikin bututunka, sannan ka nemi layinsa a teburin littafin. Ka kula da kan teburin ma, domin yakan zo da shafi biyu, bugu a lita da bugu a galan ɗin Amurka, kuma galan ɗaya lita 3.785 ce. Wanda ya kwafi ta galan ya zaɓi lita a menu, awonsa zai ragu kusan sau huɗu.

A ce taka 20 ce. Lita 300 a minti sau 20, a raba da 60, ya ba da bugu 100 a daƙiƙa, wato 100 Hz. Shi ne 20 mA ɗinka. 50 Hz zai zama 12 mA, lita 150. 25 Hz kuma 8 mA, lita 75. Ka rubuta waɗannan a takarda ko da tiransmitarka mai allo ce da ke yin lissafin da kanta, saboda su ne ma'aunin gwajinka. Wasu ƙananan tiransmitoci ma ba sa tambayar K, yawan bugun da zai zama 20 mA kawai suke so, ka shigar da shi da makunnai. Iyakar kuma a zaɓe ta yadda gudun yau da kullum zai zauna wajen biyu bisa uku nata. In famfonka na iya kai 320 lokacin da tanki ya yi ƙasa, 300 ta yi kaɗan, ka ɗaga zuwa 400, kuma a ranar ka canza ta a PLC da allon nuni. Iyaka a wuri biyu take zaune, duk wanda ya taɓa ɗaya ya bar ɗaya ya ɓata awo ba tare da wata ƙararrawa ta yi kuka ba.

Akwai saitin lafar da awo, wanda ke ɗaukar matsakaicin daƙiƙoƙi kaɗan. A ganina daƙiƙa 2 zuwa 5 sun isa idan kallo kawai ake yi, ƙasa da haka in awon ne ke juya gudun famfo, domin jinkiri na sa famfo ya riƙa wuce gona da iri yana dawowa. Amma ka bar shi a mafi ƙanƙanta har ka gama gwaji. Na ƙi jinin a ɗaga shi zuwa daƙiƙa 30 don allo ya natsu, saboda iska ko hayaniyar suna nan, an dai hana ka ganinsu, kuma matsakaicin ƙarya ƙarya ne. Sai saitin yanke ƙaramin gudu, wanda ke mayar da duk abin da ya gaza wata iyaka sifili. Ka sa shi ƙasa kaɗan da inda sensarka ke fara aiki.

Gwajin da zai nuna maka inda rawar take ba ya cin awa ɗaya. Yawancin tiransmitoci na da menu na kwaikwayo, inda za ka umarce ta ta fitar da miliamfan da ka ga dama. Ka sa ta a 4, da 12, da 20, ka ga PLC ya nuna 0, 150, 300. Ka auna da mita a lokaci guda, ko ka buɗe layin ka saka ta a jere a kan mA, ko, abin da ya fi sauƙi, ka auna bolt a kan rizistar om 250 ka ga 1, 3, 5. Kada ka kuskura ka ɗora mitar da ke kan mA a ƙafafun wutar 24 V, fis ɗinta zai tafi nan take. Daga nan ka bar ta a 12 mA ka kunna famfo. In 150 ta fara rawa, hayaniya na shiga tsakanin tiransmita da PLC, ko ta wutar 24 V ɗin kanta. In ta tsaya cak, wannan ɓangaren ya fita daga zargi. Sai ka kashe famfo, ka sauke matsin bututun, ka zare sensar ka toshe gurbinta da marfin da aka yi don haka, ka bar ta haɗe da wayarta a inda take, ka fita daga kwaikwayo, ka sake kunna famfo. Farfela a tsaye take, don haka duk bugun da tiransmita ta ƙirga na ƙarya ne, kuma kebul ɗin sensa ne ke kwaso shi. In ba ta ƙirga komai ba, ka hura farfelar da baki ka ga lamba ta tashi ta sauka sumul. In haka ta faru, wayoyinka lafiya lau, matsalar a cikin ruwan take: ko wurin da ka ɗaura, ko iskar da famfo ke zuƙowa ta wani haɗi da bai ɗauru ba a ɓangaren tsotso.

Bayan komai ya natsu, ka gwada awon da ruwa na gaske. Ka samu duro ko tanki da ka tabbatar da cikinsa, ka bar ruwa ya daidaita a gudun da aka saba aiki da shi, sannan ka karkata shi ciki, ka kwatanta da jimillar da tiransmita ta ƙirga. In ta ce lita 210 alhali 200 suka shiga, sabuwar K ita ce tsohuwar sau 210 a raba da 200, wato 20 ta koma 21. Ka maimaita sau uku kafin ka taɓa lambar. In bambancin ya yi yawa, ko yana canzawa tsakanin ƙaramin gudu da babba, kada ka gyara shi da K, ka koma ka duba zaman sensar da layin teburin da ka kwafa.

In kana bukatar jimillar litocin da suka wuce a rana, ka ɗauke ta daga tashar bugu ta tiransmita zuwa ma'ƙirgin PLC, idan tana da ita. Tara jimilla daga 4–20 mA yana tara ƙananan kurakurai tare da ita: ɗan saɓanin 0.05 mA a iyakar 300 kusan lita ɗaya ce a minti, sama da lita 1,300 a kwana ɗaya, ko da ruwa bai motsa ba. Idan kuma bayan watanni ka ga awo na raguwa a hankali alhali tanki na cika a lokacin da ya saba, ka zare sensar ka duba farfelar, zare ko gansakuka sun naɗe sandarta ko ta fara cinyewa. Kowane lokaci ka rufe bawul na gaba da na baya, ka sauke matsi tukuna, kuma kada fuskarka ta kasance saitin hular yayin da kake kwance ta.